Babi na Bakwai: Wutar da Ta Fi Ƙarfin Ƙarfe

A daidai lokacin da babban jirgin fasinja ya ɗauki gudu zai bar ƙasa, iskar da ke fitowa daga ɗakin ƙona mai na injinsa takan kai zafin digiri 1,600 a ma'aunin Salshiyas, a wasu injuna ma ta haura haka. Cikin abubuwan farko da wannan iska ke cin karo da su akwai ganyayyaki na ƙarfe da aka jera a bakin wani faifai mai juyawa, kowane ganye bai wuce tafin hannu ba. Ƙarfen da aka yi su da shi yana fara narkewa ne a wajen digiri 1,300 da 'yan kai. Wato dai ganyen yana aiki a cikin wutar da ta ɗara ma'aunin narkewarsa da ɗaruruwan digiri, yana juyawa sama da sau 10,000 a minti ɗaya, ƙarfin juyin yana jan sa waje da nauyin tan goma sha wani abu, kuma ana sa ran ya yi dubban sa'o'i a haka kafin a sauke injin a duba shi.

Duk wanda ya fara jin wannan yakan ɗauka an yi kuskure a lissafin. Lissafin daidai yake. Abin da ya sa ganyen bai narke ba aiki ne na fiye da shekara 70, kuma kaso mai tsoka na aikin an yi shi ne a ɗakunan gwaji na jami'o'i, a hannun malamai da ɗaliban digiri na uku waɗanda fasinja bai taɓa jin sunansu ba.

Kafin mu je can, sai mu amsa tambayar da ke gaba da kowa: me ya kai injiniya neman wuta haka? A babin da ya gabata mun bi iska tun daga babbar fankar gaba, muka ga kashi tara cikin goma nata yana wucewa ta gefe, kashi ɗaya ne kawai ke shiga cikin injin. Wannan kashi ɗayan ake matsewa har matsinsa ya ninka sau 40 ko 50, a watsa masa mai, a kunna. Iskar da ta ƙone ta kumbura sai ta fito da ƙarfi ta juya farfelar wuta, wadda injiniyoyi ke kira tabayin, ita kuma farfelar ta juya na'urar matsin da fankar gaba. Ƙa'idar da ke mulkin duk injin da ke cin wuta ita ce, gwargwadon zafi da matsin da ka kai iskar kafin ta fara aiki, gwargwadon aikin da za ka tatsa daga kowace litar mai. Mai kuwa shi ne babban abin da ke cinye kuɗin kamfanonin jiragen sama. Saboda haka kowane digiri kuɗi ne, kuma tun ranar da aka ƙera injin farko ake ta tura zafin gaba.

Injin farko ma da ƙafar jami'a ya shigo duniya. Frank Whittle, hafsan sojan saman Ingila, ya nemi rajistar tunaninsa a 1930, kuma yana ɗalibin injiniya a Kambirij ne aka kafa kamfanin da ya ƙera injinsa, wanda ya fara ruri a garin Rugby ranar 12 ga Afrilun 1937. A Jamus, Hans von Ohain ya fito ne daga Jami'ar Gottingen da digirin dakta a kimiyyar fizik, kuma injinsa ne ya fara ɗaga jirgi sama ranar 27 ga Agustan 1939. Injunan Whittle na farko suna aiki ne a zafin da ke wajen digiri 800, ganyayyakinsu kuma curin ƙarfe ne zalla, ba rami ba huda. Ingila tana da nikel, ta haɗa ƙarfe mai jure wuta ta wadatu da shi. Jamus ba ta da isasshen nikel a lokacin yaƙi, sai dole ta sa maƙeran injin Jumo 004 suka yi ganye mai rami a ciki, suna hura iska ta cikinsa. Injin ba ya wuce sa'a 10 zuwa 25 yake lalacewa, amma dabarar da rashi ya haifa ita ce ta zama hanyar kowa daga baya.

Maƙera sun yi nasu ƙoƙarin, kuma ba ƙarami ba ne. Ganyen zamani ana zuba shi ne ta hanyar kakin zuma, irin dabarar da masu zubin tagulla na Ife da Binin suka sani ƙarnuka da suka wuce: a siffanta abin da kaki, a lulluɓe shi da yumɓu, a narkar da kakin ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Bambancin yana wajen daskarewa. Ƙarfe na yau da kullum idan ya huce yakan zama ƙananan ƙwayoyi birjik manne da juna, kuma a mahaɗar ƙwayoyin nan ne yake fara miƙewa ya tsage idan zafi da ja suka daɗe a kansa. A kamfanin Pratt & Whitney na Amurka, Frank VerSnyder da abokan aikinsa suka gano yadda za a janye zubin daga tanderu sannu a hankali, ƙwayoyin su miƙe a layi ɗaya daga gindi zuwa kai. Daga nan aka ƙara wata murɗaɗɗiyar hanya a gindin zubin, wadda ƙwaya ɗaya tak ke iya tsallakewa, sai ganyen gaba ɗaya ya fito ƙwaya guda, babu mahaɗa ko ɗaya. A farkon shekarun 1980 irin wannan ganye ya shiga jiragen fasinja. Bayan haka aka yi masa rufi da wani tangaran na zirkoniya wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Duk da haka, abin da inganta ƙarfe ya ƙara bai wuce 'yan digiri a shekara ba. Babban tsallen daga iska ya zo.

Ga yadda abin yake. Ana yagar wani ɓangare na iskar da aka matse, kusan kashi ɗaya cikin biyar, kafin ta shiga ɗakin ƙona mai, a zagaya da ita ta ƙarƙashin faifan, a shigar da ita cikin ganyen ta gindinsa. Ita kanta wannan iska da ake kira mai sanyi zafinta ya haura digiri 600, domin matsi kaɗai yana ɗumama iska. Amma a gaban wutar digiri 1,600, sanyi ce. Tana bin lunguna masu lanƙwasa a cikin ganyen, ta hau ta sauko, tana kwashe zafi daga bango, sannan ta fita ta ɗaruruwan ƙananan huji da aka huda da hasken leza ko tartsatsin lantarki, kowane huji wajen rabin milimita. Idan ta fita yadda ake so, sai ta kwanta a kan fatar ganyen ta zama siririn lulluɓi tsakanin ƙarfe da wuta.

A kan kalmar nan ta "yadda ake so" mutane suka ƙarar da rayuwarsu. Idan iskar ta fito da rauni, wuta ta share ta. Idan ta fito da ƙarfi, sai ta ɗago daga fatar ta harba cikin wutar, har ma ta haifar da 'yan guguwa biyu a gefenta masu jawo iskar zafi su cusa ta ƙarƙashin lulluɓin, daidai inda ake son karewa. Idan ka ce bari in ƙara huji in huta, kowane ɗigo na iskar da ka yaga an riga an kashe mai wajen matse shi, kuma bai ƙone ya biya kuɗinsa ba. Kuskure kuma ba ya yafuwa: idan ƙarfen ya fi abin da aka lissafa zafi da digiri 20 ko 30 kacal, rayuwar ganyen na iya ragewa da rabi. Kamfani ba zai iya tsayawa ya gwada kusurwar huji ɗari da faɗin baki ɗari a kan injin da ya ci miliyoyin daloli ba, kuma ko ya so, babu ma'aunin da zai zauna lafiya a wurin. Wannan gurbi jami'a ta cike.

Ernst Eckert, haifaffen birnin Farag a 1904, yana cikin masanan Jamus da Amurka ta kwasa bayan yaƙi. A 1951 ya koma Jami'ar Minisota, inda ɗakin gwajinsa ya zama makarantar da aka yaye malaman wannan fanni da yawa. Shi da Richard Goldstein suka shafe shekaru suna auna abin da ke faruwa a bayan huji ɗaya, sannan a bayan layin huji, a kan faffaɗan allo cikin bututun iska. A 1974 suka nuna, tare da Frank Burggraf, cewa idan aka buɗa bakin hujin ya yi faɗi a wajen fita, iskar takan rage gudu ta baje ta kwanta, maimakon ta ɗago. Duba ganyen injin zamani za ka ga bakin hujinsa a baje. Wata dabarar Minisota da nake ganin ta cancanci a daɗe a kanta ita ce ta naftalin, sinadarin da ake yin ƙwallon kafur na akwatin tufafi da shi. Sukan zuba fatar gwajin da naftalin, su auna tsayin kowane wuri a kanta da na'ura mai ganin abin da ya fi gashi siranta, su hura mata iska na wani lokaci, su sake aunawa. Inda iska ta fi lashe naftalin, nan ne wuta za ta fi cin ƙarfe, domin dokar da ke ɗauke tururin sinadari daga fata ita ce dokar da ke kai zafi gare ta. Ba a kunna ko ashana ba, amma an zana taswirar wuta.

Wannan shi ne asirin fannin baki ɗaya, kuma tushensa wani malamin jami'a ne, Osborne Reynolds na Manchesta, wanda a 1883 ya nuna cewa halin ruwa ko iska mai gudu ya dogara ne ga yadda gudu da girma da kauri suka haɗu, ba ga kowanne shi kaɗai ba. Idan ka daidaita waɗannan alƙaluma, ganyen roba mai ninki goma a iskar ɗaki zai ba ka labarin ganyen ƙarfe a cikin wuta. Mai ɗanɗana miya ba sai ya shanye tukunya ba.

A Okusfod aka kai wannan dabara maƙura. Ɗakin gwajin ya fara ne a wata tsohuwar tashar lantarki da ke unguwar Osney a bakin kogi, ƙarƙashin Don Schultz da Terry Jones. Su biyun sun ƙware ne wajen auna zafin da ke afka wa kumbo idan ya dawo cikin iskar duniya, gwajin da ba ya wuce 'yan dubunnan kashi na daƙiƙa. A farkon shekarun 1970 suka juyo da ƙwarewar kan injin jirgi. Suka ƙera dogon bututu mai fistin mara nauyi a ciki. Iska mai matsi tana tura fistin, fistin ya matse iskar da ke gabansa har ta ɗumama, wata ƙofa ta buɗe farat ɗaya, iskar ta bi ta kan ganyayyakin na ƙasa da rabin daƙiƙa, shi ke nan an gama. Zafin iskar bai kai digiri 200 ba, ganyen kuma yana sanyin ɗaki, amma rabon da ke tsakanin zafin iska da na ƙarfe daidai yake da na injin gaske, haka ma gudun iskar. A kan fatar ganyen an shafa siraran layuka na filatinam, waɗanda ba su kai kaurin fenti ba. Da zarar zafi ya taɓa su sai yadda suke barin lantarki ya wuce ya canza, na'ura kuma tana karantawa sau dubbai kafin ƙiftawar ido. Ɗalibi kan shafe makonni yana shafa layukan nan da jona wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, don gwajin da ba zai iya gani da idonsa ba. Wutar lantarkin da za a ci a hura irin wannan iska ba tsayawa ta fi ƙarfin yawancin jami'o'i. Rabin daƙiƙa kuwa kowa na iya biya.

A shekarun 1980, Peter Ireland da Terry Jones suka ƙara wata hanya don leƙa cikin ganyen. Sukan sassaƙa lungunan ciki da roba mai garai-garai, ninki da yawa, su fesa musu wani fenti mai canza launi a daidai wani zafi da aka sani, su saki iska mai ɗumi, su ɗauki bidiyo. Wurin da ya riga yin kore shi ne inda zafi ya fi saurin shiga. Kowane ɗigo a hoton ya zama ma'auni. A Jami'ar A&M ta Teksas kuma, Je-Chin Han ya shafe shekaru tun daga 1980 a kan 'yan ƙananan haƙarƙari da ake yi a bangon lungunan don su dagula iskar ta ƙara kwasar zafi. Shi da ɗalibansa suka nuna cewa haƙarƙarin da aka karkata ya fi wanda aka gicciya kai tsaye, kuma cewa idan ganyen yana juyawa, iskar takan jingina ga bango ɗaya ta bar ɗayan da ƙarancin sanyi. Gwajin da aka yi a tsaye ba zai taɓa nuna wannan ba.

Kamfanoni sun gane inda amfaninsu yake. Daga 1990 Rolls-Royce ya fara kafa cibiyoyin bincike a cikin jami'o'i da yarjejeniyar shekaru masu tsawo, Okusfod tana cikin na farko, daga baya kuma suka kai kusan 30 a ƙasashe daban-daban. A Jami'ar Jihar Fensilbaniya, ɗakin gwajin da Karen Thole ta jagoranta shekaru da dama yana juya ainihin ganyayyakin injin Pratt & Whitney ba tsayawa. Akwai abin dubawa a wannan aure, kuma bai kamata a rufe shi ba: kamfani yana son sirri, jami'a kuma aikinta bugawa ne kowa ya karanta, shi ya sa za ka ga takardar bincike da aka goge ainihin alƙaluman siffar ganyen. A ganina ribar ta rinjayi wannan, domin babban abin da ke fita daga ɗakunan nan mutane ne. Ɗalibin da ya shekara huɗu yana kokawa da ma'auni ya san inda kwamfuta ke faɗin gaskiya da inda take zato. Har yau lissafin kwamfuta kan kauce sosai wajen hasashen yadda lulluɓin iska ke gauraya da wuta, kuma gwaji ne ke raba gardama.

Duk abin da na faɗa zuwa nan an auna shi ne da iska mai tsabta. Sama kuwa ba ta da tsabta. Ranar 24 ga Yunin 1982, jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 da ya taso daga Kwalalamfur zuwa Perth ya shiga tokar dutsen Galunggung na Indonesiya da dare, injunansa huɗu duka suka mutu. Tokar ta narke a ɗakin ƙona mai, ta daskare a kan ganyayyakin farko ta toshe hanyar iska. Sai da injunan suka huce, ɓawon ya farfashe, suka sake tashi, matuƙin Eric Moody ya sauka a Jakarta ba a rasa rai ba. Tsoron irin wannan ne ya sa aka rufe sararin samaniyar Turai kusan mako guda a Afrilun 2010, lokacin da wani dutse ya yi aman wuta a Ayislan.

Ƙurar hamada ba ta kashe inji nan take, a hankali take cin sa. Yashi yana fara narkewa a wajen digiri 1,200, zafin da injunan da ba su kai ba amma na yau sun wuce. Narkakkiyar ƙurar tana tsuma cikin ƙofofin rufin tangaran, idan injin ya huce ta daskare ta zama gilashi, rufin ya rasa sassaucinsa ya ɓamɓare. Mafi laushin ƙurar kuma tana bin iskar sanyaya ta shiga cikin ganyen, ta taru a lunguna, ta rage bakin huji. Ganyen da aka lissafa wa shekaru sai ya ƙone tun ba a je ko'ina ba. Rigimar ta fito fili a baje kolin jirage na Dubai a Nuwamban 2023, inda shugaban kamfanin jiragen sama na Emirates, Tim Clark, ya ƙi sayen wani samfurin Airbus A350 yana cewa injinsa ba ya daɗewa a zafi da ƙurar yankinsu kafin a sauke shi. Jami'o'i irin su ta Jihar Ohayo, inda Jeffrey Bons ke harba ƙura cikin iska mai zafi yana auna yadda take mannewa, sun mai da wannan babban fagen bincike.

A nan ne batun ya iso ƙofar gidanmu. Kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, tsohon gindin tafkin da ya ƙafe, yana sahun gaba a duniya wajen tayar da ƙura. Iskar da ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ita ke ɗebo ta, ita ce kuma ke cikin hazon hunturu da ke rufe Damagaram da Kano da Maiduguri, har a dakatar da tashin jirage. Jirgin da ya tashi cikin wannan hazo, da injunan gas na tashoshin lantarki waɗanda 'yan uwan injin jirgi ne, duk ita suke shaƙa. Amma ƙurar da ɗakunan gwaji da yawa ke amfani da ita ta Arizona ce, ko wadda aka haɗa a masana'anta, alhali zafin da ƙura ke narkewa da yadda take kama ƙarfe sun dogara ne ga sinadaran da ke cikinta, kuma ƙurar Bodele, mai cike da ɓawon ƙananan halittun tsohon tafki, tana da nata halin.

Gina bututun fistin irin na Okusfod abu ne mai nisa. Tara ƙurar hunturu wata bayan wata a Zariya, Kano, Sakkwato da Yamai, a tace ta bisa girman ƙwaya, a auna sinadaranta, a gasa ta a tanderu a kan guntun ƙarfe a rubuta zafin da ta fara laushi, wannan yana cikin ikon sashen injiniya da sashen kimiyyar ƙasa idan suka haɗa kai. Zariya tana da jami'a ga kuma kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama tun 1964, Kaduna tana da cibiyar fasaha ta sojan sama. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta digirinsa na biyu a kai, da malamin da zai duba shi, su fara daga nan: a ɗebi samfur, a auna da kyau, a buga sakamakon inda masu ƙera injuna za su gani.